'Yar Gida, Har Ranar da Mai Ya Zuba

Salamu alaikum mai gabatarwa, ina gaishe ka daga Tawa.

Na daɗe ina suya a wani gidan abinci kusa da tasha. Duk sanda na nemi takardar aiki, sai Hajiya mai wurin ta ce, "Haba, ke da kike 'yar gida!"

Rannan ƙafar murhu ta karye, tafasasshen mai ya kwarare mini a hannu. Suka shafa mini man goge baki, suka aza ni bisa kabu-kabu, sai likita. Da mijina ya je mata da batun magani, ta ce, "Ai taimako take yi, ba ma'aikaciyata ba ce."

Yau yatsuna ba su miƙewa, ko goyo ban iya ɗaurawa. Don Allah masu sanin doka, ina zan kai kukana? 'Yar gidan dai ko sannu ba ta samu ba.