Na Cire Lambar Motata, Aka Kori Baba Idi

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah ya ƙara basira. Daga Yashe nake, fataucin gyaɗa nake yi. Don Allah a sakaya sunana.

Duk ranar kasuwar Kankiya nakan ajiye motata a filin wani Alhaji, inda ake biyan kuɗin ajiya. Wani dattijo, Baba Idi, shi ke tsaron ƙofa. Na lura in mota ba lamba, ɗauka yake ta manya ce, sai ya saki igiya ba tambaya. Shi ke nan, kafin in shiga gari sai in kwance lambata in tura ƙarƙashin kujera. Wata uku ina haka, yana ce mini, "Ranka ya daɗe."

Rannan mai filin ya tarar da motata ba tikiti. Ya ce, "Baba, ashe aljihunka kake zubawa?"

Baba Idi ya ce, "Wallahi ta hukuma ce, Alhaji. Ga mai ita nan, tambaye shi."

Na kara waya a kunne na wuce. A ranar aka sallame shi.

Masana doka, cire lamba don gudun kuɗin filin wani laifi ne? Malamai, yaya zan wanke mutumin da na sa aka kira ɓarawo?

Na mayar da lambar, amma hankalina bai kwanta ba. Shekaranjiya na gan shi a tasha yana dakon buhu. Ya sauke, ya rusuna, ya ce, "Ranka ya daɗe."