Dutsen Kan Tukunyar Nangula

Shugabar taro kuma shugabar makaranta, Meme Ndilimeke, mai girma dagacinmu, Fasto Hamutenya, malamai, iyaye, da ku jikokina da kuka cika inuwar nan, ina gaishe ku. Na gode da amalanken jakin da aka aiko ya ɗauko ni, domin ƙafafuna sun riga bakina yin ritaya.

Da farko, ku dubi wannan baƙin dutse. Marigayiya matata Nangula ce ta tono shi a gonar gero, ta riƙa danne murfin tukunyar kunun oshikundu da shi. Masana sun duba sun tabbatar daga sama ya faɗo, kuma ya girmi duk wani dutse da ke ƙasar Owambo. Ya girme ni ma, ku ji abin mamaki!

Na biyu, daga ina ya samo asali? Kafin a yi duniya, rana tana jaririya, iska da ƙura ne ke kewaye ta, suna juyawa. Juyin ya hana su faɗawa cikinta, sai suka baje kamar faifai. Ku tuna oshikundu idan an dama an ajiye: tsaki mai nauyi ya fara kwantawa, gari mai laushi ya biyo a hankali. Haka ƙurar ta yi ta sauka, daga sama da daga ƙasa, zuwa tsakiyar faifan. A can ƙwaya ta manne da ƙwaya, tsakuwa ta zama dutse, dutse ya zama duniya. Da yayyafi kogi kan cika. Wannan dutse ragowar wancan aiki ne; ga ƙwayoyin nan a jikinsa, da idonku za ku gani!

Na uku, a al'adarmu ɗan 'yar'uwa ke cin gado. Haitembu, ɗan ƙanwata, ya riga ya samo mai sayen dutsen a Windhoek. Ya ce mini, "Kawu, dutse fa ba ya haihuwa." Na ce, "Kai ma har yanzu ba ka haifa ba, kuma ba mu sayar da kai ba."

Saboda haka, a gaban shaidu, tun ina numfashi: Haitembu, shanuna naka ne. Dutsen na yaran nan ne. A gidana ba mai taɓa shi sai ni. A nan hannuwa za su yi masa yawa. Meme, zo ki karɓa.

Ubangiji ya ba mu damina mai albarka, ya buɗe idon yaranmu, ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode, na gode ƙwarai.