Rana Ta Faɗi Tukuna, Sannan a Nemi Wata

Mai girma shugaban taro, mai martaba Sarkin unguwa, Malam Liman, iyayenmu, jama'ar Moshi Zango, assalamu alaikum.

Ni Buraima, wanda Allah ya nufa da koyon boko a ajin yamma, da hannuna na rubuta jawabin nan, ba wanda ya kama mini alƙalami. Ina godiya da aka ba ni dama.

Na farko, abin da ya faru. Ranar duban watan Sallah, Sulemana tsohon soja ya fito da madubin hangen nesan da ya zo da shi daga yaƙin Bama. Ƙanena tela, don ɗokin ya riga kowa kai wa Liman albishir, ya karɓa tun rana ba ta faɗi ba. Yana laluben yamma, sai madubin ya faɗa kan rana. Ya yi ƙara, ya ce, “Yaya, tabo nake gani, ba na ganin fuskarka!”

Jama'a, tela ne, a daren Sallah, ga ɗinkin mutane jibge, ga iyali. Telan da ba ya ganin kafar allura, me ya rage masa?

Na biyu, abin da likita ya faɗa mana a asibitin Bantama, kuma ni na yi tafinta. Ya ce madubin nan tara hasken rana yake yi, ya zuba shi wuri ɗaya cikin ido, ya ƙone shi. Ya ce wasu ba sa warkewa har abada, kuma shafa wa gilashi baƙin fitila ba ya tsare kowa.

Na uku, roƙona. Kada a ɗaga madubi sai rana ta faɗi sarai. Sai ta faɗi, jama'a, sai ta faɗi!

Alhamdu lillahi, tabon ya yi ta raguwa. Jiya matarsa Hajaratu ta miƙa masa allura, ta ce, “Maigida, an aike ka wurin wata, ka je ka tsokani rana. To, zura mu gani.” Ya karɓa, ya zura zaren.

An yi wannan a gaban Sulemana, da Safura mai koko, da ni mai rubutu.

Allah ya tsare mana idanunmu, ya nuna mana watan baɗi lafiya. Na gode.