Ko Karen Sun Cire

A tashar jiragen ruwa ta Piraeus da ke ƙasar Girka, Evdokia na jiran jirgin tsibirinsu. Wani dattijo mai akwati irin na ma'aikatan jirgi ya zauna gefenta, ya ƙura wa hoton wani sabon fim ido.

"Na kalla," in ji ta. "Sun ɓata mana tsohuwar waƙarmu. Wai mutum ya dawo daga yaƙi bayan shekara da shekaru, matarsa ta ruga ta rungume shi!"

"To laifi ne, baiwar Allah?"

"A waƙar ai karensa ne ya gane shi tun daga nesa. Ita kuwa sai da ta titsiye shi da zancen gadon kwanansu don ta tabbatar shi ne. Ko karen sun cire."

"Gara na fim ɗin. Mutum ya sha wuyar teku, kuma a tare shi da tambaya?"

"Nawa mijin da ya gama yawon jirginsa, ta taga na miƙo masa kayansa."

Aka kira fasinja. Dattijon bai motsa ba.

"Baba, ba gida za ka ba?"

"Zan jira jirgi na gaba," ya ce. "Ni karen nawa ya daɗe da mutuwa."