Jirgin da Na Shanya a Rana

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwa.

Ƙanena Bitrus ya mutu a gulbi daminar bariya, wato bara waccan, cikin jirgina, ni ke riƙe da inji. Yawancinku kun zo jana'iza. Kun ji na ce kututture muka buga a ƙarƙashin ruwa. Ba mu bugi komai ba. Ƙarya na yi.

Sunana Ayuba. A da, kabu-kabu nake yi, daga Gummi zuwa Nasarawa Burkullu, wata rana har Adabka. Shekara goma sha ɗaya ina kan babur. Ranar da mutanen daji suka tare mu, suka ƙwace shi, suka bar ni da karyayyen haƙarƙari, na ce na gama da hanya. Na sayar da bijimin nomana, na sayi kwale-kwalen katako da ƙaramin inji a hannun wani mai barin gari. Mutane sun koma bin ruwa saboda tsoron daji, na ga akwai abinci a fito.

Ban san ruwa ba. Gidanmu manoma ne, ko iyo ban iya sosai ba. A mashigi akwai wani tsoho, Baba Na-Allah, Basarke, wato ɗan gidan masunta, Musulmi, wanda ya tsufa yana fito. Shi ya nuna mini yadda ake haɗa fetur da baƙin mai, da yadda ake jan igiyar inji, da yadda ake sa gaban jirgi ya kalli inda ruwa ke fitowa in za a tsallaka. Cikin kwana huɗu na iya. Na ɗauka shi ke nan. Na yi fito wata biyu a ƙarshen damina, ba abin da ya faru.

Da rani ya shigo, gulbi ya janye, sai na ga masu fito suna tura jiragensu cikin wani gurbi mai zurfi da ba ya ƙafewa, su cika su da ruwa, su ɗora duwatsu, su nutsar. Na yi dariya. Ni mai babur ne. Abin hawa ba a barin shi cikin jiƙa. Na kira mutane muka jawo nawa kan tudu, na kife shi, na wanke, na goge, na shafa masa shuɗin fenti. Duk mashigin babu mai kyansa.

Baba ya zo ya tsaya yana kallo. Ya ce katako kamar fatar mutum yake, in ya bushe sai ya tsuke, bakin allo da allo ya buɗe. Ya ce in mayar da shi ruwa. Na ce masa na san yadda ake kula da ƙarfe da inji tun kafin ya ga fetur. Haka na faɗa wa dattijo mai furfura. Ya kaɗa kai ya tafi.

Wata biyar jirgin na kife cikin ranar Gummi.

Ruwan farko mai ƙarfi ya sauka, gulbi ya kawo. Bitrus ya samu taki buhu takwas, gonarsa tana ƙetare, gero ya tsiro, yana sauri. Ya ce, "Yaya, jirginka na zaune, ni kuwa in je in biya wani?" Da safe muka tura jirgin ruwa, a take muka fara loda.

Baba ya taso daga inda yake ɗinkin komar kamun kifi. Ya sa babban yatsa ya danna fentin a tsakanin alluna biyu, yatsan ya shige. Ya ce mini a hankali, don kada Bitrus ya ji in kunyata, "Ayuba, wanga jirgi bai sha ruwa ba. Bar shi kwana ukku ya kumbura, mu buga mai auduga da kwalta. Yau ɗauki nawa."

Ya ba ni nasa, 'yan'uwa. Kyauta. Na ƙi. Ban so ƙanena ya ga jirgina a ajiye ina aron na tsoho. Na ce fenti ya toshe komai.

Mun kai tsakiyar gulbi ruwa ya fara shigowa. Ba ta wuri ɗaya ba, ta kowane layi, kamar ana tace koko. Bitrus ya nemi robar kwasar ruwa. Babu. Na fitar da ita ranar da na yi fenti, ban mayar ba. Ya cire hularsa yana kwasa da ita.

Nan na ƙara wani kuskuren. A babur, in ka shiga laka, wuta kake ƙarawa. Na murɗa inji har ƙarshe. Gaba ya ɗaga, baya ya zauna, ruwan cikin jirgin duk ya gangaro wajena, jirgin ya ba ruwa gefe. Buhunan suka zame. Bitrus na tsakaninsu.

Ban ji ya yi ihu ba. Ya dai ce, "Yaya." Sau ɗaya.

Baba ne ya fizgo ni da gora, ashe tun da muka tashi ya biyo mu a jirginsa yana tuƙi da filafili. Ya koma ya nutsa sau uku, tsoho da shi, bai sami Bitrus ba. Sai a kwana na uku aka ga gawar can ƙasa, ta maƙale a saiwar wani itace.

Mutane suka tambaye ni abin da ya faru, bakina ya ce kututture. Baba na wurin. Ya dube ni. Ya zo gaisuwa, ya zauna a tabarma tare da ku, ya tashi, bai tona ni ba.

Inna, mahaifiyarmu, ta yarda. Rifkatu, matar Bitrus, ta yarda. Inna takan riƙe hannuna ta ce Allah ya ɗauki ɗaya ya bar mata ɗaya, ta sa mini albarka. Duk ranar da ta yi haka, sai in nufi gidan burkutu. Da burkutu ta daina kama ni na ƙara da ƙwaya. Na daina zuwa sujada. Fasto ya zo gida sau nawa, ina jin muryarsa ina fita ta dangar baya. Ku kuka ce baƙin ciki ne, kuka yi mini addu'a. Ba baƙin ciki kaɗai ba ne. Ba na iya kallon 'ya'yan Bitrus biyu suna cin tuwo.

Shekara ɗaya da wata huɗu ina haka.

Wata Laraba da rana tsaka na tafi mashigi. Ban tafi don in dawo ba. Na sami Baba shi kaɗai a inuwa, ya jingine wani jirgi yana buga auduga. Ya dube ni, ya dubi gulbi. Ya miƙo mini kurfi, ƙarfen cusa auduga, da guduma, ya ce in riƙe masa nan. Na riƙe. Muka yi ta bugawa. Can ya ce, "Ni ban gaya ma kowa ba, ba ni kuwa gayawa. Amma in ka shiga ruwan nan, ni zan fiddo ka, uwarka ta binne biyu. Tafi ka yi magana da Ubangijinka."

Na tafi majami'a. Ba kowa, sai awaki a bakin ƙofa. Na durƙusa a ƙasa tsakanin bencuna. Ban iya addu'a mai tsari ba. Na ce, "Yesu, babu kututture. Ni ne. An faɗa mini, na ƙi. Ni na kashe shi da girman kai. In akwai gafara ga irina, ka ba ni. In babu, ka ba ni ƙarfin faɗa wa Inna." Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko a bakin kabari. Ban ga haske ba, ban ji murya ba. Amma da na miƙe, ƙafata ba gidan burkutu ta nufa ba, gida ta kai ni. Ubangiji ne ya yi wannan, ba ni ba!

Inna na sussukar dawa, Rifkatu na shiƙa. Na tsaya na faɗa musu duka, har jirgin da Baba ya ba ni na ƙi. Rifkatu ta ajiye faifai ta shiga ɗaki. Inna ba ta ɗago ba, ta ci gaba da duka har damin ya ƙare.

Sati shida ba ta yi mini magana ba. Ana ajiye mini tuwo, ba a kiran sunana. Wata safiya tana wucewa ta ce, "Ayuba, rufin rumbu na zuba." Na hau na gyara. Daga nan muka fara.

Rifkatu ta kwashe yara ta koma gidan iyayenta. Na je sau biyu da hatsi. An karɓi hatsin, ita ba ta fito ba. Ba na ganin laifinta. Ku sa ta cikin addu'a, da yaran.

Ku ma na yi muku ƙarya a gaban gawa. Ku gafarta mini.

Na gode wa Yesu da bai bar ni a gulbi ba, ya kuma fitar da ni daga burkutu da ƙwaya, wata bakwai ke nan ban taɓa ba. In akwai mai ɗauke da abin da ya ɓoye, ya kai wa Ubangiji da sunansa na gaskiya, ya dogara gare shi. Ba zai dawo da wanda ya mutu ba. Amma zai riƙe ka ka tsaya.

Yanzu ina mashigi, a ƙarƙashin Baba Na-Allah. Ina buga auduga, ina dafa kwalta, ina canza allon da ya ruɓe. Ban sake ɗaukar mutum a jirgi ba. Baba ya ce in na shirya zai faɗa mini, bai faɗa ba tukuna.