Bayan da Ba Ya Lanƙwasa

A tashar Gusau, Tukur yana tsaye jikin motar Nahuce, ya dogara da sanda. Wata dattijuwa ta matsa masa wuri a benci.

"Malam, zamna mana."

"Na gode, Inna, zama azaba ne. Bayana ya ƙage."

"Noma ne."

"Ni tela ne. Haka ubana ya ƙare, haka kakana. A ƙauyenmu bayan Kucheri, rabin sahun masallaci ba mu iya ruku'u. Likita ya ce abin a jini yake, ga shi kuma ba mu aure sai junanmu."

"To, ina za ka da wannan baya?"

"Nema wa ɗana aure a waje. Dangi sun daina gaishe ni, amma sai na je."

"Wa zai ba ka ɗiya in ya ji wannan? Ka rufe bakinka."

"Wallahi, da bakina zan faɗa kafin in ajiye goro."

"Gidan wa?"

"Malam Yari mai awo."

Ta miƙe, ta buɗe masa ƙofar motar.

"Mijina ne. Ka riga ka faɗa. Shiga gaba, ya fi faɗi."