Makullin Keken Ɗinki

A ɗakin jira na asibitin yara, wata tsohuwa rungume da jikarta ta zauna kusa da wani dattijo. Ina bayansu.

"Uwar ce ta jawo aka haifi yarinyar nan da lalura, Malam. Da tsohon ciki take taka keken ɗinki. Na ƙwace keken na kulle."

"Inna, 'yata ma haka aka haife ta, kuma uwarta ko allura ba ta riƙewa. Likita ya ce kowa da ƙwaya ɗaya yake farawa, ta rabu biyu, biyun su rabu, har a zama mutum. A cikin kowace akwai zare mai ɗauke da kamanninmu, an naɗe shi ƙunshi arba'in da shida. Na yaranmu arba'in da bakwai ne."

"Wato ƙari aka yi mata, ba ragi ba?"

"Ƙari, tun uwar ba ta san da cikin ba."

Tsohuwar ta daɗe tana juya ɗan yatsan jaririyar.

"Duk a cikin wannan? Ikon Allah. To laifin wa ke nan?"

"Ni ma na nema, ban samu ba."

"Ga uwar can tafe da magani. Riƙe mini yarinyar, in kwance makullin keken nan daga bakin zanena, in ba ta."